Karen Bana da Zomon Bana

Idan hunturu ya kama, aka gama kwashe amfanin gona, akwai wata tawaga da ke ratsa lungunan cikin birnin Kano tun gari bai gama wayewa ba. Ba ka jin hirarsu sosai, sai ƙarar sarƙa da takun ƙafa. Samari ne da dattawa, kowa da gora ko kere a kafaɗa, adda a kugu, ga karnuka biyu ko uku a igiya suna jan mai su kamar su ne suka san hanya. Masu fitowa daga sallar asuba sukan tattare bakin riga su raɓe jikin bango har a wuce. Wani ya yi tsaki, wani ya ce Allah Ya ba da sa'a, kuma sau da yawa bakin da ya yi tsakin shi ne ya yi addu'ar. A bayan ganuwa mota na jira, a loda mutane da karnuka, a nufi daji.

Kare bai taɓa samun kyakkyawan wurin zama a bakin Bahaushe ba. Sunansa kaɗai zagi ne. Wanda ya sami iko yana yin abin da ya ga dama, a ce yana cin karensa ba babbaka. Faɗan da aka jigata juna, a ce an yi kare jini biri jini. Mai ƙyashin da ba shi da yadda zai yi, a ce masa kare ka mutu da haushin kura. Har 'yan siyasa sun ari sunan karen farauta sun liƙa wa yaron da ake turawa ya ci mutuncin abokin hamayya, alhali karen farauta na gaskiya bai taɓa cin mutuncin kowa ba. Amma duk da wannan reni, da aka zo neman misalin gwanin da ya dace da zamaninsa, ba a ɗauko doki ko zaki ba, sai aka ce karen bana shi ke maganin zomon bana.

Farauta kuwa ta girmi ganuwar Kano. Tarihin sarakunan birnin, wanda Bature Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya buɗe ne da Barbushe na Dutsen Dala, kuma da farauta ya siffanta shi: ƙato ne mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. A cikin abin da mutanen wancan zamani suke kawowa gindin dutsen domin abin bautarsu Tsumburbura har da baƙin kare. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa, aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa, ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Lokacin da Baturen matafiyi Barth ya hau Dala a 1851, ya tarar da babban ɓangare na cikin birni fili ne da gonaki. Ke nan akwai zamanin da yaro da karensa ba sai sun yi nisa da gida ba kafin su tayar da abin bi.

Karen da mafarauta ke so ba shi da kyan gani a idon mai son ƙiba. Siriri ne, gashinsa gajere, yawanci ja ko ruwan ƙasa, ƙirjinsa mai zurfi, cikinsa a ɗame, ƙafafunsa dogaye. Wanda bai sani ba zai ce yunwa ce, mai shi kuwa ya san ƙirar gudu ce. Irin wannan ƙira ta kai matuƙa a karnukan Buzaye na kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, waɗanda ke bin barewa da zomo da ido. Namu na gida ya haɗa biyu: hanci ya nemo, ido ya bi. Abin da ke ba shi wahala shi ne zafi, domin kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, sai kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafin jikinsa, shi ya sa za ka gan shi ya zaro harshe. Wanda ya sa karensa gudu da tsakar rana ba ruwa, yana iya komawa gida da igiya kawai.

Shi kuma zomo, a nan ake yawan ruɗewa, domin suna ɗaya muke ba dabbobi biyu. Zomon gida da ake kiwo a keji jikan zomon Turai ne, wanda asalinsa ƙasar Sifen da kewayenta. Shi mai haƙa rami ne, yana zaune cikin jama'a a ƙarƙashin ƙasa, 'ya'yansa na zuwa tsirara idanu a rufe. Saboda haka mafarautan Ingila suke kiwon wata 'yar dabba mai dogon jiki kamar tunku, ana ce mata feret. Sai su shimfiɗa raga a bakin kowane rami, su zura ta ciki, ta koro zomaye su faɗa raga, kare na tsaye yana jiran wanda ya kuɓuce. Da za a kawo feret dajin Kano, da ta rasa aikin yi, sai dai ko ramin gafiya. Zomon dajinmu ba ya haƙa rami. Ɗan gurbi yake yi a gindin sabara ko cikin gamba, ya lafe ya kwantar da kunnuwa, launinsa ya saje da ƙasa. 'Ya'yansa da gashinsu ake haifarsu, ido buɗe. Da dare yake kiwo, da rana ya kwanta. Idanunsa na gefen kai, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, har ake cewa ko barci yake ba ya rufe ido. Ba shi da gidan da zai gudu ya shiga, ba shi da ubangida. Gaskiyar masu magana, zomo ba bawan giwa ba ne, daji suka tara.

Dabararsa ta farko haƙuri ce. Yana iya barin mutum ya wuce ta gefensa bai motsa ba, sai hancin kare ya tona shi. Da ya tashi kuwa, ba ya miƙewa sak. Zai bari kare ya matso har ya buɗe baki, sannan ya goce gefe guda, nauyin gudu ya kwashi kare ya wuce. Kafin ya juyo, zomo ya ba shi rata. Sabon kare haka zai yi ta cizon iska har ya gaji. Tsohon kare ya daina bin wutsiya, inda zomo zai karkata yake tara. Shi ya sa ake sakin biyu, ɗaya ya kora, ɗaya ya tare.

Wannan sani ba a haifar kare da shi duka. Akwai wani dattijo a unguwarmu da muke ce wa Baba, yana da karya ja mai farin ƙirji. Ina yaro na taɓa tarar da shi a bayan gida da damina, lokacin da babu ko maganar farauta, yana jiƙa ƙanzo da romon ƙashin da ya karɓo wurin mahauta, yana zuba wa 'yan kwikwiyo a kasko. Na ce, "Baba, ai farauta da saura." Ya ce, "Yaro, ba a kiwon kare ranar farauta." Karya takan yi kwana 63 ko kusa da haka da ciki, 'ya'yan su buɗe ido bayan kamar mako biyu, a yaye su wajen wata biyu. Tun daga nan Baba yake zaɓe: mai faɗin ƙirji, mai rigan 'yan'uwansa zuwa kasko, wanda in an tafa hannu zai juyo ya duba maimakon ya ruga. Sai ya ɗaura busasshiyar fatar zomo a igiya yana ja a ƙasa, kwikwiyo na bi. In ya kama, sai a koya masa abu mafi wuya, wato ya saki. Bayan ya tasa, a haɗa shi da uwarsa zuwa daji, ya ga yadda ake yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sauran kiwon duk aikin hannu ne da ba wanda ke yaba maka. A duba kunne da tsakanin yatsu a cire kaska, a yi maganin ƙuma da ƙazuwa da tsutsar ciki, a ajiye ruwa a inuwa. Babba a cikinsu ita ce allurar haukan kare, tun yana wata uku, a kuma riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana cikin masu yin wannan allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare. A lungun da yara suka fi ƙasa yawa, wannan allura haƙƙin maƙwabci ce. Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya asibiti, kada a tsaya jiran gani.

Malaman zaure ma ba su bar karen farauta a waje ba. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabba ta kamo wa mai ita, in an ambaci sunan Allah. Hadisi ya yi gargaɗin raguwar lada ga mai ajiye kare, amma ya ware na farauta da na kiwo da na gona. Risala, wadda ɗalibai ke karantawa a zaurukan birni, ta ce farauta don wasa makaruhi ce, don buƙata kuwa halal. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a cikinta sau bakwai bin umarni ne. Saboda sharaɗin waccan aya ne mafarauci ke yin bisimilla lokacin da yake sakin igiya, ba sai an kama ba, kuma in ya riski zomon da rai dole ya yanka. Shi ne dalilin gudun da za ka ga dattijo na yi bayan karensa da wuƙa a hannu. Horo a nan ba ado ba ne, shi ne ya raba nama da mushe.

Inda ake ɓatawa shi ne bayan an kama. Karen wane ya tayar, na wane ya tare, keren wane ya fara samu: a kan zomon da bai cika tukunya ba an sha zare makami tsakanin ƙungiyoyin farauta, an koma gida da rauni maimakon nama. Karnukan da suka yi wahalar suna gefe suna haki, ba ruwansu. Zomo dai an ce ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma a wurin rabo maratayan sun fi makasa yawa.

Zomon bana kuma ya yi nisa. Gonakin da ke bayan Ƙofar Kabuga da Ƙofar Ruwa sun zama unguwanni, sabara ta koma bulo. Wutar da ake cinna wa daji don a koro nama tana cinye gurbin da zomanya za ta haihu baɗi. Banza ba ta kai zomo kasuwa, yau kuwa har kuɗin mai sai an haɗa kafin a gan shi.

Na tuna wata dawowar Baba da almuru, ƙura har gira, zomo ɗaya tak a rataye. Yara suka yanyame shi suna son taɓa kunnuwan, bai kula su ba. Ya ɗebo ruwa ya zuba a kasko, ya tsaya har karyar ta sha ta ƙoshi, kafin shi ya kai moɗa bakinsa. Ya ce min ko na san labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shiga rijiya ya ɗebo wa kare ruwa da huffinsa, na ce an karanta mana. Sai ya zauna a dakali, ya ɗora ƙafarta a gwiwarsa, ya ce in haska masa fitila. Ɗaya bayan ɗaya yake zare ƙarangiya da tsidau daga tsakanin yatsunta, tana lasar hannunsa, har aka kira isha'i.