Tururuwa, Mai Karya Fiffikenta da Kanta

Da kaka, duk wanda ya bi hanyar Minjibir zuwa Kunya ko Wasai, ya duba ƙasa a gefen gonakin gero, zai ga wata siririyar turba wadda ba ƙafar mutum ce ta share ta ba. Faɗinta bai wuce yatsu uku ba, amma ba ta rabuwa da matafiya: masu fita ba kaya, masu komowa kowacce da ƙwayar gero ko 'ya'yan ciyawa a baki. In ka bi ta har ƙarshe za ka iske fili fetal, ba tsiro ko ɗaya, da rami a tsakiya, ƙaiƙayi ya kewaye shi. Gidan tururuwa ke nan.

Danginta suna da yawa, masana sun ƙidaya fiye da iri 13,000 a duniya, Bahaushe kuma ya san na kusa da shi ɗaya bayan ɗaya. Ga cinnaka, wanda ake wa kirari da "ba ka san na gida ba". Ga gwano, da ba ya jin warin jikinsa. Ga kwarkwasa mai fita yaƙi, ga kiyashi mai bin zaƙi. Ita tururuwa sana'arta hatsi. Duk ma'aikatan da kake gani a kan turba mata ne, 'ya'yan uwa ɗaya. Ƙananansu suna renon ƙwai da tsutsotsi a cikin gida, masu manyan kawuna su ke fasa ƙwaya mai tauri. In sun kawo hatsi sai su ɓare shi, su fitar da ƙaiƙayi waje, su jera tsabar a ɗakunan da suka haƙa ƙarƙashin ƙasa. In ruwa ya ratsa ya jiƙa ajiyar, sai su kwaso ta su shanya, ta bushe su mai da ita. Wadda ta samo abinci takan bar ƙanshi a ƙasa kan hanyarta ta komawa, na baya su bi, kowacce ta ƙara nata, har turba ta tabbata. Ba sa gasa da zafin rana. Da sanyin safiya da maraice suke fita, da bazara har cikin dare.

Manomi ba ya ganin ta da fuska ɗaya. In ya yi binne kafin saukar ruwa, ita ce ke tone masa iri. In an tara zangarniya a masussuka, rabonta take ɗiba ba sallama. Duk da haka akwai masu zuba mata tsaba a bakin rami da niyyar sadaka. Sura ta 27 a Alƙur'ani sunanta take ɗauke da shi, saboda tururuwar da ta hango rundunar Annabi Sulaimanu ta gargaɗi 'yan'uwanta su shige gida, kuma hadisi ya sa ta cikin halittun da aka hana kashewa. Malaman da suka rubuta kan dabbobi, irin su al-Jahiz na Basra, sun ruwaito cewa takan raba ƙwaya biyu don kada ta tsira a rumbunta.

Darajar wannan rumbu sai shekarar wahala ake saninta. Ƙasar Kano ba ta manta da Kakalaba ba, yunwar 1913 zuwa 1914, kuma cikin dabarun da mutanen Sahel suka gada na irin waɗannan shekaru har da tonon gidan tururuwa, a sheƙe ƙasa a tsince tsaba. A yunwar Nijar ta 2005 ma an ga mata suna yin haka. Mutum mai hankali da fartanya da gona ya koma cin abin da ƙwaro ya tara da ƙwaya ɗaya-ɗaya. Da yayyafi kogi kan cika.

Sai dai karin maganar da aka fi saninta da shi ba yabo ba ne. Cewa ake yi, in tururuwa ta tashi lalacewa, fiffike take yi. Wanda ya faɗi haka ya lura da kyau. Da damina, bayan ruwa ya sauka ƙasa ta yi taushi, gidan tururuwa yakan fitar da masu fiffike, maza da mata, su tashi sama su yi barbara. Ranar biki ce ga tsuntsaye da ƙadangaru da kwaɗi da kajin gida. Mazan duk mutuwa suke yi ba da jimawa ba, matan ma kaɗan ne ke tsira.

Abin da karin maganar bai faɗa ba shi ne yadda mai tsiran take tsira. Da ta sauko ƙasa, aikinta na farko shi ne ta karya fiffikenta da kanta, ta yar. Sannan ta haƙa rami, ta shiga, ta toshe bakinsa. Makonni za ta yi a ciki ba ta fita neman abinci. Naman ƙirjinta da take kaɗa fiffike da shi, shi ne jikinta ke narkarwa ya zama abincin da take ciyar da 'ya'yanta na fari. Su za su buɗe ramin, su share turbar farko. Ita kuwa ba ta sake tashi sama har abada, kuma a wasu iri, uwar gida kamarta takan haura shekara 20 tana haihuwa. Kowane babban gidan tururuwa da ya gagari fartanyar manomi, daga wannan kulle ya faro.

A nan nake ganin asirin kamun kai. Fiffike ba laifi ba ne, shi ya kai ta wurin da za ta kafa gida. Halaka tana ga wadda ta ƙi rabuwa da shi bayan ya gama amfaninsa. Mutum ma yana da lokacin dube-dube, ya gwada wannan sana'a, ya leƙa waccan. Amma ranar da ya zaɓi abin da yake so ya zama, dole ya rufe wa kansa sauran ƙofofi, ya juya ƙarfin da yake yawo da shi ya zuba a wuri ɗaya. Ba a gudu ana susar takashi, kuma taura biyu ba ta taunuwa.

Mutanen Minjibir ba baƙin wannan karatu ba ne. Ƙidayar 2006 ta samu mutum sama da 200,000 a ƙaramar hukumarsu, ƙasar da ba ta wuce murabba'in kilomita 416 ba. Ba daji da za a sare, ba gonar da za a bari ta huta. Abin da ya riƙe wannan ƙasa, wadda masana irin su Michael Mortimore suka yi shekaru suna nazarin makamanciyarta a kewayen Kano, shi ne aikin da ba a fashi: kai taki gona mangala bayan mangala tun da rani, haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya, tattara harawa da kara don dabbobi, barin gawo da ɗorawa a tsaye. Maigida yakan rufe rumbu bayan kaka ya tafi ci-rani, don hatsin ya kai lokacin noma, sa'ad da ciki ya fi bukatarsa. Damin iri kuwa ba a taɓa shi ko tuwo ya yi ƙaranci. Masaƙan da suka ɗaukaka sunan garin da zare ɗaya-ɗaya suke cika ƙwarya. Masu bincike na cibiyar nazarin noma ta IITA a gonarsu ta Minjibir sukan yi damuna da yawa suna zaɓe da zubarwa kafin irin wake ɗaya ya isa hannun manomi.

Bambanci ɗaya ne, kuma babba ne. Tururuwa ba ta shawara, haka aka halicce ta. Mutum yana da zuciya mai so da ƙi, shi ya sa nasa ya fi wuya, ladansa ma ya fi yawa. Ɗalibin da ke son haddar Alƙur'ani, da yarinyar da ke shirin jarrabawar shiga jami'a, da saurayin da ke zubin adashe don ya sayi injin ban-ruwa ya yi lambu a bakin madatsar Wasai, kowannensu ya san fiffikensa: ga wani waya ce, ga wani zaman majalisa har tsakar dare, ga wani sauya sana'a duk bayan wata uku. Ba wanda zai karya masa shi, ko uba ko malami. Ya sa wa aikinsa lokacin da ba ya canzawa, ya ɗauki abin da zai iya ɗauka kullum, ya ware na ajiya kafin na ci, ya haƙura da watannin da ba mai ganin abin da yake yi. Wanda ya yi haka shekara biyu zai ga abin da ya tara, makwabtansa ma za su gani.