Albasa a rudu ake sanin ta

Manomin albasa a fadamar Tamaske ba ya yabon kayansa ranar cira, domin a ranar kowace albasa ƙyalli take yi. Sai an zuba ta a rudu, ta yi wata uku ko huɗu, laimar damina ta ratsa ta, sannan a tsince ruɓaɓɓu a ga abin da ya rage. Nan asirin wanda ya cika mata taki, ko ya kwashe ta ba ta gama shan iska ba, yake tonuwa.

Masu binciken sakamakon tiyata irin wannan lissafin suke yi. "An fito da shi lafiya" ba ta ishe su ba. Suna ƙirga wa ke raye bayan kwana 30, ɗinkin wa ya warware, ciwon wa ya yi ruwa.

Asibitin mishan na Galmi, da aka buɗe a 1950, ya saba karɓar yaran da taifod ya huda wa hanji. Cutar ta ruwa marar tsabta take shiga, a mako na biyu ko na uku ta ɓula ƙarshen ƙaramin hanji, ƙazanta ta malale cikin ciki. Likita ko dai ya ɗinke ramin, ko ya yanke guntun ya haɗa, ko ya fito da bakin hanjin ta fatar ciki zuwa wani lokaci. Wanne ya fi? A kan teburi duka uku kyau gare su. Kwanakin da ke biye ne ke rarrabewa, musamman ga yaron da tamowa ta riga ta cinye, kuma aka makara wajen kawo shi.

A 2018 mujallar Lancet ta buga bincike kan majinyata sama da 11,000 da aka yi wa tiyata a ƙasashen Afirka 25. Sun fi na sauran duniya ƙuruciya, amma haɗarin mutuwarsu bayan aiki ya ninka biyu, kuma akasari ba ranar aikin suka rasu ba. A gadon jinya abin ya faru, inda ma'aikaciya ɗaya ke fama da ɗaki guda cikin dare.

Ni abin da ya fi damuna shi ne wanda aka sallama. Yaro ya koma ƙauyensu a Bouza ko Keita da hanji a waje, babu ledar tare kashi, babu kuɗin motar komawa a mayar masa da shi ciki. In ya cika a gida, a littafin asibiti yana nan cikin waɗanda suka warke.