Jabun magani: kwalin gaskiya, cikin ƙarya

Ya ku 'yan kasuwa da iyalan Diguel, jabun magani ba ya zuwa da alamar da ido zai gane nan take. Mai haɗa shi yakan kwaikwayi suna da kwali da tambarin kamfanin asali, sannan ya matsa garin alli ko sitaci ya mai da shi ƙwaya, ko ya sa ɗan kaɗan daga sinadarin da ke warkarwa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa, ɗaya cikin kowane magani 10 jabu ne ko marar inganci.

Lamarin ya iso gida. A 2020 hukumar ta yi gargaɗi kan jabun kinin mai miligiram 300 da aka gano a Chadi da Kamaru da Najeriya, ɗauke da tsohon tambarin hukumar kanta. Ku auna abin da wannan ke nufi: yaro yana fama da zazzaɓin cizon sauro, uwa tana ba shi ƙwaya kwana uku da zuciya ɗaya, alhali cutar tana cin jininsa. Kafin a kai shi asibiti ya fara jijjiga. Mai ɗan sinadari kuwa ya fi yaudara, domin zazzaɓi yakan lafa ya dawo, ƙwayar cuta kuma ta saba da maganin.

Doka ba ta yi shiru ba. Chadi tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda Yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa, kuma tambarin da aka yi wa rajista a can yana da kariya a nan. Kwaikwayonsa laifi ne, haka ma sayar da kayan da gangan. Sai dai jami'an kwastan ba za su iya buɗe kowane kwali da ke haye gadar Ngueli daga Kusseri ba, kuma “dokta Shuku” mai tallar magani a rana ba ya riƙe takardar inda ya saro. Zafin ranar kaɗai ya isa ya lalata magani na gaske.

Ku sayi magani a kantin magani mai lasisi ko a cibiyar lafiya. Ku duba ranar ƙarewa, ku gwada lambar da ke jikin kwali da ta jikin katin ƙwayar. Idan sun saɓa, ko rubutu ya gurɓace, ko farashi ya yi arhar ban mamaki, kada ku sha, kada kuma ku yar: ku kai kwalin ga ma'aikacin lafiya mafi kusa.