Faɗuwar Gaba da Takardar Gwajin Zuciya: Abin da Ya Kamata Mazauna Zongo Su Sani

Mu ma'aikatan lafiya da ke zagayawa cikinku mun lura da wani abu da yake ta maimaituwa. Mutum zai zo mana da takarda a ninke cikin leda, hannunsa na rawa, ya ce an yi masa gwajin zuciya kuma an rubuta cewa ba daidai take ba. Tun daga ranar barci ya ƙaurace masa. Wasu sun daina fita neman abinci, wasu sun sayar da 'yan kayansu don a sake gwajin sau biyu ko uku, wasu har sun fara barin wasiyya. Saboda haka muka ga ya dace mu yi bayani a wannan fitowar, don kowa ya gane abin da takardar take faɗa da abin da ba ta faɗa ba, ya kuma san lokacin da ya wajaba a garzaya asibiti.

Mene ne wannan gwajin?

Gwajin da aka fi yi shi ne wanda ake kira ECG. Ana manna wayoyi goma a ƙirji da hannaye da ƙafafu, na'ura ta zana yadda lantarkin zuciya yake gudana. Ba ta sa wa mutum wuta a jiki, saurare kawai take yi. Wani likita ɗan ƙasar Holand, Willem Einthoven, shi ya ƙera irin wannan na'ura a farkon ƙarni na 20, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1924.

Zanen da kuke gani a takarda na kimanin daƙiƙa goma ne kacal. Kamar hoton da aka ɗauke ku ne kuna tsakiyar tafiya. Idan kun sauko daga zemijan cikin rana, kuka hau bene, ga tsoron abin da za a gano, dole zuciya ta yi sauri, kuma haka na'urar za ta rubuta.

Abu na biyu, kalmomin da ke saman takardar sau da yawa na'urar ce ta buga su da kanta. Ba ta san tarihinku ba, ba ta san ko kuna da zazzaɓi ko kun kwana da yunwa ba. An tsara ta ne ta riƙa nuna duk abin da ya ɗan bambanta, don kada wani abu ya wuce likita. Hukunci na likita ne, bayan ya saurare ku, ya auna jini, ya sa kunne a ƙirjinku.

Kalmomin Faransanci da suke tayar da hankali

Tachycardie sinusale: zuciya tana bugawa bisa tsarinta, amma ta wuce sau 100 a minti. Babban mutum da ke hutawa zuciyarsa kan buga tsakanin 60 da 100. Tsoro, zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, ƙishirwa, juna biyu, goro, kofi da shayi mai kauri duk suna ƙara mata sauri.

Extrasystoles: bugu ne da yake riga lokacinsa, sai mutum ya ji kamar zuciyar ta tsallake ko ta yi tsalle. Masu lafiya da yawa suna da shi nan da can.

Repolarisation précoce: wani ɗan bambanci ne a zanen, wanda ake yawan gani a jikin samari baƙar fata masu ƙoshin lafiya.

HVG, wato hypertrophie ventriculaire gauche: na'urar tana zaton naman zuciya na ɓangaren hagu ya yi kauri. A jikin siririn matashi takan yi kuskure. Amma ga mai hawan jini wannan kalma tana da muhimmanci, domin jinin da ya daɗe yana hawa yakan sa zuciya ta yi kauri. A nan likita zai iya neman hoton zuciya, wanda ake kira échographie, don ya tabbatar.

Ba muna cewa duk takarda ba komai ba ce. Abin da muke cewa shi ne kalmar anormal ita kaɗai ba ta nufin mutuwa ta kusa. Tana nufin a kai wa likita ya duba.

Yadda firgici yake kama da ciwon zuciya

Akwai wani yanayi da likitoci ke kira crise de panique da Faransanci, mu kuma muka san shi da mummunar faɗuwar gaba ko firgici. Yakan zo farat ɗaya, wani lokaci mutum na zaune lafiya ko yana barci. Zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, ƙirji ya ɗaure, zufa ta karyo, jiri ya ɗebi mutum, yatsu da leɓe su riƙa yi kamar ana tsira musu allura. Mutum ya tabbata a ransa cewa mutuwa ce ta zo, ko kuwa hankalinsa ne zai gushe. Yawanci abin yakan kai ƙarshen tsananinsa cikin minti goma, sannan ya fara sauka, ya bar mutum da gajiya.

Ga abin da ke faruwa a jiki. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai ta sa a saki wani sinadari mai suna adiranalin, wanda ke shirya mutum ya gudu ko ya kare kansa. Zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya ƙaru. Saurin numfashin nan ne yake fitar da iskar da jini ke buƙatar ya riƙe kaɗan daga cikinta, shi ya sa ake jin jiri da tsirar yatsu. Wannan shiri ya ceci da yawa daga cikinmu a ranar da muka baro gida. Matsalar ita ce yakan ci gaba da tashi bayan haɗarin ya wuce. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ƙarar babur, bugun ƙofa da dare, ko takardar asibiti da ba a fahimta ba, kowannensu na iya zama tsumman.

Daga nan sai abin ya riƙa ciyar da kansa. Mutum ya tuna takardar, gabansa ya faɗi, zuciya ta yi sauri, ya ce ga shi nan abin da aka rubuta ya tabbata, tsoro ya ƙaru, zuciya ta ƙara sauri.

Wannan ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma ba ku kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne suke fama da ciwon fargaba a duniya. A shekarar kuma ta bayyana cewa a wuraren da aka yi rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana ɗauke da wata damuwa ta ƙwaƙwalwa. Dattawan unguwar nan ma sun san zafin tashi daga gida, tun da a 1977 aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar Lome aka mai da mutane arewacin gari. Firgici yana da wahala ƙwarai, amma shi kansa ba ya tsayar da lafiyayyar zuciya, kuma yana jin magani.

Alamun da ba a jira da su

Kada wanda ya karanta wannan ya ce duk ciwon ƙirji tsoro ne. A tafi asibiti nan take, ko a kira 'yan kwana-kwana a lamba 118, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji da ya wuce minti goma sha biyar, musamman idan yana tafiya zuwa hannu, wuya, muƙamuƙi ko baya.

Ciwon ƙirji da yake zuwa idan ana aiki ko tafiya, ya lafa idan an huta.

Suma, ko da an farfaɗo da wuri.

Kumburin ƙafafu tare da kasa numfashi idan an kwanta, har sai an tashi zaune.

Karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, ko sarƙewar magana.

Idan karon farko ne, ko mutum ya haura shekara 40, ko yana da hawan jini, ciwon suga, ko yana shan taba, to a duba shi kafin a ce firgici ne.

Muna da jan hankali na musamman ga masu jego. Akwai ciwon raunin zuciya da ke kama mata daga watan ƙarshe na ciki zuwa wata biyar bayan haihuwa. Likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, suka danganta yawansa a ƙasar Hausa da kunun kanwa mai yawa da tsananin zafin wankan jego. Mai jegon da take haki, tana tari da dare, ƙafafunta suna kumbura, ba fargaba ke damunta ba sai an tabbatar. A kai ta asibiti a ranar. Manyan asibitocin Lome, CHU Sylvanus Olympio da ke Tokoin da CHU Campus, suna da likitocin zuciya.

Abin yi idan firgicin ya taso

Ga wanda likita ya riga ya duba ya ce zuciyarsa lafiya: zauna, ka sassauta riga, ka dafa ƙasa da ƙafafunka. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka fitar a hankali ta baki kana ƙirga shida. Ci gaba da haka na wasu mintuna. Ka faɗa wa kanka cewa ka san wannan abin, ya taɓa zuwa ya wuce. Wanda ya saba da zikiri ko addu'a ya yi, a hankali, daidai da numfashinsa.

Na kusa da shi kada su taru a kansa suna salati da kuka, kada su ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada kuma su ce masa raki ne. Mutum ɗaya ya zauna kusa da shi, ya yi masa magana da taushi, ya riƙa numfashi tare da shi.

Don rage dawowarsa, a rage goro, kofi da shayi, musamman da yamma. A guji tiramadol da ƙwayoyin sa barci na 'yan talla, domin suna kama jiki, kuma ranar da aka rasa su fargabar takan ninka. Kada a sha maganin zuciya na wani, wasunsu suna da haɗari ga mai asma. A daina taɓa jijiya ana ƙirga bugu sau ashirin a rana. A riƙa tafiya a ƙafa, a riƙa zama cikin mutane.

Idan abin yana dawowa, ko ya hana ku zuwa kasuwa, masallaci ko coci, ku yi mana magana. Akwai magani ta hanyar zama da ƙwararre ana tattaunawa, yana koya wa mutum yadda zai fuskanci alamun ba tare da gudu ba. Akwai kuma ƙwayoyin da likita ke rubutawa, waɗanda sukan ɗauki makonni kafin su fara aiki. Wasu suna tsoron cewa da sun yi magana za a kai su asibitin Zebe da ke Aneho. Mai firgici yawanci ba ya buƙatar kwanciya, daga gida ake yi masa magani.

Kafin ku je wurin likita

Ku tafi da takardar gwajin, da duk wata tsohuwa idan akwai, da kwalayen magungunan da kuke sha har da na gargajiya. Wanda ba ya jin Faransanci ya nemi tafinta, ko ya sanar da mu tun da wuri. Ku yi tambayoyi uku: mene ne ma'anar wannan rubutu a jikina, akwai wani gwajin da ya zama dole, wace alama ce za ta sa in dawo da gaggawa? Matambayi ba ya ɓata. Ku nemi a auna muku hawan jini, domin idan yana kaiwa 140 bisa 90 a kai a kai, shi ne abin da ya fi cancanta a kula da shi, kuma sau da yawa ba ya nuna alama.

Abin da kuka faɗa mana sirri ne, kuma rashin lafiya ba ya soke matsayin mutum na ɗan gudun hijira. Duk wanda yake da irin wannan takarda a ajiye tana hana shi barci, ya kawo ta mu duba tare. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa maƙwabcinsa wannan bayani. Allah Ya ba mu lafiya da kwanciyar hankali.