Yaro da buhun albasa: abin da alƙali ke fara tambaya

A lokacin cirar albasa, daga Galmi har garin Dogarawa, buhuna kan yi tsibi a bakin babban titi suna jiran motocin ɗauka, kuma da wuya kaka ta wuce ba a ji ihu ba: an kama yaro da abin da ba nasa ba. Wasu su ce a zane shi, wasu su ce a kai shi fadar sarki, mai kaya kuwa, da zuciya ta ɗebe shi, ya rantse sai yaron ya kwana gidan kaso a Birnin Ƙonni. Kaɗan ne ke tuna tambayar da alƙali zai fara yi: shekarun yaron nawa?

Kundin hukunta laifuka da Nijar ta kafa ranar 15 ga Yuli 1961, wanda aka yi wa babban gyara a 2003, ya tsaya a kan tushe ɗaya: ba a hukunta mutum sai da hukuncin da doka ta tanada tun kafin ya aikata laifin. Kotu ce kaɗai ke yanke shi. Sarakunan gargajiya suna da ikon sasanta rikicin gona, bashi ko aure, amma ɗaure mai laifi ba ya hannunsu, balle hannun taron kasuwa. Wanda ya jikkata yaro da sunan horo, shi ma ya shiga hannun doka.

Game da yara, kundin na 1961 ya raba su gida biyu. Aya ta 45 ta ce wanda bai kai shekara 13 ba ba ya ɗaukar alhakin laifi. Ana iya ɗaukar matakin kare shi da tarbiyyarsa, amma ba a ɗaure shi. Daga 13 zuwa ƙasa da 18, sai alƙali ya bincika ko yaron ya san nauyin abin da ya yi. In bai sani ba, a sallame shi daga tuhuma, a miƙa shi ga iyaye ko gidan tarbiyya. In ya sani, a hukunta shi da rangwame: a ƙananan laifuka irin satar buhu, rabin abin da za a yanke wa baligi.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1990, amma sai a watan Mayu 1999 ta kafa kotunan yara, sannan dokar 20 ga Nuwamba 2014 ta sake tsara aikinsu. Tun kafin nan akwai cibiyar tarbiyyar yara a Dakoro, cikin jihar Maraɗi, sai dai tafiya ce mai nisa ga uwar da ke ƙauyen Dogarawa.

To, duk wannan tsari yana rataye ne a kan takardar haihuwa, kuma a nan gizo ke saƙa. Yaron da aka haifa a gida, ba a kai sunansa ma'aikatar magajin gari ba, ba shi da abin nunawa gaban jandarma. Uwa za ta ce an haife shi shekarar fari, jandarma ya dubi tsawonsa da kaurin muryarsa. Ɗan shekara 16 da aikin lambu ya gina wa ƙirji yana iya wucewa a matsayin baligi, ya rasa rangwamen da doka ta ba shi. Kotu tana iya ba da takardar da ke maye gurbin ta haihuwa bisa shaidu, amma iyaye da yawa ba sa nemanta sai ranar da ɗansu ya shiga hannu, wato bayan an riga an rubuta wasu shekaru a takardar bincike.

Shi kuma ɗan kasuwa bai yi asarar haƙƙinsa ba. Dokar hulɗar jama'a ta ɗora wa iyaye biyan ɓarnar da ɗansu ƙarami da ke zaune tare da su ya yi, ko da kuwa shekarunsa 12. Mai albasa yana iya neman diyyarsa gaban alƙali, ko ya karɓe ta ta hanyar sulhu a gaban mai gari, da shaidu biyu da takarda.