Ciwon Suga Ba Iri Ɗaya Ba Ne, Akwai Wanda Ciki Ke Kawowa

Jama'a, a zangonninmu, daga Agege zuwa Sabon Ibadan har Fatakwal, da an ce wane yana da suga sai mu ɗauka shan zaƙi ne ya ja masa. Ni dai na ga ya kamata mu gane cewa ciwon nan kashi-kashi ne, kuma kowane da yadda ake bi da shi.

A bayan tumbi akwai wata gaɓa da ke samar da sinadarin insulin. Shi ne ke shigar da sugan abinci cikin tsoka don jiki ya samu ƙarfi. Idan babu shi, ko ya gaza aiki, sai suga ya taru a jini.

Nau'i na 1 shi ne wanda jiki ke daina samar da insulin. Ya fi kama yara da matasa, yakan zo da sauri: ƙishirwa, yawan fitsari, rama. Ba laifin abinci ba ne, kuma mai shi dole sai da allurar insulin kullum.

Nau'i na 2 shi ne ya fi yawa, kusan 9 cikin 10 na masu ciwon. Insulin na nan, amma jiki ba ya jin sa sosai. Gado, ƙiba da rashin motsa jiki na taimaka masa. Wanda ke wuni zaune a shago, shayi da burodi safe da dare, lemon kwalba da rana, to ya kula. Yakan yi shekaru bai nuna alama ba, yana ɓata ido, ƙoda da ƙafa a ɓoye.

Na uku shi ne wanda na fi so mu lura da shi: sugan masu juna biyu. Mahaifa na fitar da wasu sinadarai da ke rage ƙarfin insulin, sai sugan mace ya hau ko da ba ta taɓa yin ciwon ba. Galibi ba ta jin komai. Shi ya sa ake gwaji tsakanin mako na 24 da na 28: a ɗebi jininta kafin ta ci abinci, ta sha ruwan suga, a sake ɗiba bayan awa 1 da awa 2.

Idan aka yi sakaci, jariri na iya wuce kilo 4, naƙuda ta yi wuya har a kai ga tiyata, uwa kuma ta samu hawan jini. Idan aka gano da wuri, gyaran abinci da tattaki kan wadatar, wasu kuma a haɗa musu da magani.

Yawanci yana tafiya bayan haihuwa, amma a sake gwaji da an yi arba'in, domin mai shi ta fi kusa da kamuwa da nau'i na 2 nan gaba. Matanmu da ake kaiwa gida Arewa haihuwa, su tafi da katin awonsu, a kuma gaya wa masu kula da jego su sassauta suga a kunu.

Maigida, kuɗin awo bai kai kuɗin tiyata ba. Kuma kada a ajiye maganin asibiti don wani mai tallar magani a tasha ya ce yana warkar da suga. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya.