Mai Jinya a Asibitin Cutar Noma na Sakkwato

A asibitin yara masu cutar noma da ke birnin Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, kusan kowane gado na mutum biyu ne, yaron da cutar ta ci wa fuska da matar da ke jinyarsa, uwa ko kaka. Cutar tana farawa ne da kumburin dasashi, galibi a yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 wanda tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Cikin 'yan kwanaki sai ta huda kunci, ta zaizaye leɓe, wani lokaci har hanci da ƙashin muƙamuƙi. Idan an tare ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa. Idan aka bar ta, tana kashe har tara cikin goma. Wanda ya rayu kan tashi da tabon da ke ɗaure muƙamuƙi, baki ya ƙi buɗuwa, ci da magana su gagara.

Gyaran irin wannan fuska ba aikin yini ɗaya ba ne. Sai an ciyar da yaro ya yi ƙwarin da zai ɗauki tiyata, a jira zuwan likitocin fiɗa da ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, MSF, ke kawowa lokaci-lokaci tun da ta fara tallafa wa asibitin a 2014, sannan a yi makonni ana motsa muƙamuƙin kullum don kada ya sake ƙagewa. Wasu yaran sai an yi musu aiki fiye da sau ɗaya. Duk wannan yana wuyan mai jinya. Ita ke ba shi kunu cokali-cokali, ita ke rarrashinsa lokacin atisayen da yake ƙi saboda zafi, ita kuma za ta dawo da shi ranar da aka ɗiba. Da yawan masu jinya baƙi ne a birnin. Wata daga ƙauyen Kebbi ta zo, wata daga Zamfara inda 'yan bindiga suka hana noma, wata ta tsallako daga Nijar. Ta baro miji da sauran 'ya'ya da ɗan abin sana'arta. Shi ya sa nake ganin abincinta da wurin kwananta da kuɗin motarta suna cikin maganin yaron, kuma a kasafin lafiya ya kamata a rubuta su. Magani kyauta ne a asibitin, amma ranar da zama ya gagari uwa za ta goya ɗanta ta tafi, aikin likita ya tashi a banza.

Akwai masu cewa cutar ba ta da yawa, bai dace a ware mata asibiti guda ba a jihar da zazzaɓi da gudawa ke kashe yara kullum. Sai dai ƙarancin nata a rajistar asibiti yake. Yaran da ta kama yawanci suna mutuwa a gida kafin wani ma'aikacin lafiya ya gan su, sau da yawa bayan an ɗora abin a kan iska an nemi maganin gargajiya, waɗanda suka tsira kuma a ɓoye su a ɗaka don kunya. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998 ya ce yara 140,000 ke kamuwa a shekara, kuma sai a Disambar 2023, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta, hukumar ta sa ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su. Ban da haka, abin da ke hana cutar noma shi ke rage zazzaɓi da gudawa: rigakafin ƙyanda, abinci, ruwa mai tsabta. Uwar da aka koya wa duba dasashin ɗanta takan koma ƙauye ta duba na maƙwabta.

Wasu kuma na cewa dukiyar jiha ta 'yan jiha ce. Amma tsakanin Illela ta Sakkwato da Birnin Ƙonni ta Nijar harshe ɗaya ne, auratayya ɗaya, kasuwa ɗaya, kuma rikicin da ke turo mata cikin Sakkwato shi ne ya tura dubban mutanen Sabon Birni da Isa gudun hijira yankin Maraɗi, inda aka karɓe su. Jihar da 'ya'yanta ke cin arzikin maƙwabta ba ta da bakin tambayar uwa takarda a ƙofar asibiti.

Ƙorafin da ke da nauyi shi ne dogaro da baƙin likitoci da kuɗin waje, a lokacin da masu ba da tallafi ke janye hannu. Horar da likitan gyaran fuska yana cin shekaru. Ciyar da mai jinya da biya mata mota daga Illela kuwa abu ne da gwamnatin jiha za ta iya ɗauka a kasafin bana.